Darussan da na koya game da asfarajines, sankarar jini da hanta

Yawancin magungunan ciwon daji sai sun kutsa cikin ƙwayar halitta kafin su yi aiki, wasu su lalata sinadarin gado na DNA, wasu kuma su hana ƙwayar rabuwa gida biyu. Asfarajines ba ya cikin wannan sahu. A cikin jini yake tsayawa, kuma babban aikinsa shi ne ya farfasa wani amino asid (ɗaya daga cikin tubalan gina furotin) mai suna asfarajin, ya mayar da shi asfatik asid da amoniya, har sai asfarajin ɗin ya ƙare ƙaf a cikin jinin. Na fara jin labarinsa ne a ajin bayokemistiri a Jami'ar Bayero, inda ake kawo shi a matsayin misalin maganin da ke zaɓen ƙwayar cuta ya ƙyale lafiyayya. Bayan na fara aiki a ɗakin gwaje-gwaje na wani asibiti a cikin birnin Kano, jinin yaran da ke karɓar wannan magani ya riƙa biyowa ta hannuna, kuma a nan ne na ga ɗaya ɓangaren zancen, wato cewa yunwar da ake ɗora wa ƙwayar sankara tana kai wa hanta ita ma, kuma abin da ya bambanta su shi ne yadda kowace take amsa wannan yunwa.

Kafin a gane haka dole a tuna yadda jiki ke ƙera furotin. Kowace ƙwayar halitta tana da ɗimbin ƙananan na'urori da ake kira raibosom, waɗanda ke karanta saƙon da aka kwafo daga DNA, su riƙa jera amino asid ɗaya bayan ɗaya bisa tsarin da saƙon ya zayyana. Amino asid ɗin da ake amfani da su iri 20 ne, kuma kowane iri yana da nasa ɗan aike, wani ɗan guntun RNA da ke ɗauko shi ya kai wa raibosom. Lamarin ya yi kama da na mai ɗinkin hula da ke bin zane da zare kala ashirin: idan kala ɗaya ya yanke masa, ba zai musanya shi da wani ba tare da ɓata zanen ba, sai dai ya ajiye allura ko da sauran goma sha taran suna jibge a gabansa. Haka raibosom yake tsayawa idan ya iso wurin da ake buƙatar asfarajin ya tarar ɗan aiken ya zo hannu rabbana. Kusan babu wani furotin mai tsawo da ba ya buƙatar asfarajin a wani wuri, saboda haka rashinsa kaɗai ya isa ya tsayar da aikin baki ɗaya.

Tarihin gano maganin yana da ban sha'awa, domin ba da gangan aka neme shi ba. A shekarar 1953 wani likita a Amurka mai suna John Kidd ya lura cewa idan aka yi wa ɓerayen da ke ɗauke da wata irin sankara allurar ruwan jinin ɓeran Masar, ƙarin yakan narke, alhali ruwan jinin zomo ko na doki ko na ɗan Adam ba ya yin komai. Sai a 1961 wani mai bincike, John Broome, ya nuna cewa sirrin wani enzayim ne (furotin mai hanzarta sauya sinadarai) da ke yawo a jinin ɓeran Masar, wato asfarajines. Tun da ba zai yiwu a tara ɓerayen Masar da za su wadatar da marasa lafiya ba, sai aka koma neman wata hanya, kuma a 1964 aka gano cewa bakteriyar E. coli tana ƙera irinsa mai aiki a kan sankara. Hukumar kula da magunguna ta Amurka ta amince da shi a 1978, sannan a 1994 ta amince da wani samfurin da aka lulluɓe da sinadarin PEG don ya daɗe a cikin jini. Akwai kuma na uku da ake samu daga bakteriyar Erwinia, wanda ake komawa gare shi idan jikin yaro ya ƙi na farko. Yau asfarajines yana cikin jerin magunguna masu muhimmanci na Hukumar Lafiya ta Duniya, kuma ginshiƙi ne a maganin sankarar jinin da ta fi kama ƙananan yara, wadda likitoci ke taƙaita sunanta da ALL, wadda kuma ta fi yawa a tsakanin shekara 2 zuwa 5.

Dalilin da ya sa maganin ke cin wannan sankara shi ne raunin da ke tattare da ita. Yawancin ƙwayoyin jikin mutum suna da wani enzayim da ke haɗa musu asfarajin daga asfatik asid da gulutamin, saboda haka ba su dogara da abinci ko jini don samunsa ba. Ƙwayoyin wannan sankara kuwa suna da ƙarancin wannan enzayim ƙwarai, ga su kuma da saurin hayayyafa da yawan buƙatar furotin, don haka daga jini suke zuƙar asfarajin ɗinsu. Da zarar an ƙafar da jinin, ƙerar furotin ta tsaya musu, rabuwa ta gagara, daga nan sai su bi hanyar mutuwar da kowace ƙwaya ke ɗauke da tsarinta a cikinta. Wannan ne kuma ya sa ba a amfani da maganin a yawancin sankarar da ke yin ƙari, kamar ta mama ko ta hanji, domin waɗancan suna iya haɗa nasu asfarajin ɗin.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina, kuma na fi daɗewa ina karatu a kansa, shi ne abin da ke faruwa a cikin hanta a kwanakin farko. Hanta tana da enzayim ɗin haɗa asfarajin, amma a lokacin da jini ke kawo mata isasshe ba ta ajiye shi da yawa, saboda haka allurar farko takan same ta ba shiri. Sai dai tana da mai gadi. Akwai wani furotin mai suna GCN2 wanda aikinsa shi ne lura da 'yan aiken nan na RNA, kuma idan ya ga sun fara taruwa babu kaya a tare da su, sai ya sa wa wani furotin mai suna eIF2 alama, wanda shi ne ke buɗe wa raibosom ƙofar fara aiki. Da wannan alama ƙerar furotin gaba ɗaya take raguwa. Abin mamakin shi ne a daidai lokacin da aka rage sauran aikin, wasu 'yan tsirarun saƙonni sukan sami damar wucewa fiye da da, kuma babbansu shi ne na ATF4, wanda ke komawa cikin cibiyar ƙwayar ya ba da umarnin a ƙara ƙera enzayim ɗin haɗa asfarajin da kuma ƙofofin shigo da amino asid. A gefe guda kuma wata hanya mai suna mTOR, wadda ke ingiza girma da ƙera furotin idan akwai wadata, ita ma takan lafa. Ma'ana hanta da kanta take rage aikinta, ta tattara ɗan abin da ya rage ta zuba shi a kan abin da zai fitar da ita daga ƙunci. An gwada wannan a kan ɓeraye a Amurka, inda aka cire wa wasu GCN2 sannan aka ba su asfarajines, sai hantarsu ta kasa taka burki, kitse ya taru mata, ta lalace fiye da ta ɓerayen da ke da mai gadinsu. Daga nan na fahimci cewa raguwar furotin da muke gani a takardar sakamako ba koyaushe take nufin hanta ta mutu ba. Sau da yawa alama ce ta hantar da ke kare kanta.

Sai dai kariyar tana da tsada, domin hanta ba kanta kaɗai take ƙera wa furotin ba. Kusan duk furotin ɗin da ke yawo a ruwan jini daga gare ta yake fitowa, in ban da sinadaran garkuwar jiki. Ita ke ƙera albumin, wanda ke riƙe ruwa a cikin jijiyoyi kuma yake ɗaukar magunguna da dama. A jikin babban mutum takan fitar da kimanin giram 10 zuwa 15 a kowace rana. Ita ke ƙera fibrinojin da sauran sinadaran da ke sa jini ya daskare idan an ji rauni, kuma ita ce dai ke ƙera antitrombin da furotin C da furotin S, waɗanda ke hana daskarewar wuce gona da iri. Ita ke ƙera furotin ɗin da ke ɗauko kitse daga cikinta ya kai shi sauran jiki. Idan ta rage aiki, duk waɗannan sukan ragu, amma ba a rana ɗaya ba, kuma wannan shi ne darasin da ya fi yi mini amfani a bakin aiki. Kowane furotin yana da tsawon lokacin da yake ɗauka kafin rabinsa ya ɓace daga jini. Na sinadarin daskarewa na bakwai sa'o'i kaɗan ne, na antitrombin kwana biyu zuwa uku, na fibrinojin kusan kwana huɗu, na albumin kuwa kusan mako uku. Saboda haka wanda ya duba albumin kaɗai a makon farko ya ga yana tsakanin giram 35 zuwa 50 a kowace lita, zai iya zaton komai lafiya, alhali fibrinojin da antitrombin sun riga sun yi ƙasa. Haka nan bayan an gama ba da maganin, waɗanda suka fara sauka su ne ke fara hawa, albumin kuma ya biyo baya a hankali. Tun da na gane wannan, ba na sa hannu a sakamakon irin waɗannan yara sai na nemi ranar da aka yi musu allurar ƙarshe, da kuma samfurin da aka yi musu, domin na E. coli tsantsa rabinsa kan ɓace cikin kwana ɗaya da 'yan sa'o'i, shi kuwa mai lulluɓin PEG yakan kai kusan kwana shida, kuma allurarsa ɗaya tana iya hana asfarajin dawowa har mako biyu zuwa uku.

Batun daskarewar jini shi ne ya fi rikita sabon ma'aikaci. Za ka ga fibrinojin ya faɗi ƙasa da giram ɗaya a lita, lokacin daskarewa ya tsawaita a gwaji, hankalinka ya tafi ga zubar jini, amma abin da aka fi gani a gadon asibiti shi ne akasin haka, wato gudan jini da ke toshe jijiya. Dalili shi ne an rage ɓangarorin biyu ne a lokaci guda, mai daskarwa da mai hanawa, kuma faɗuwar antitrombin takan rinjayi ɗayan, musamman da yake ana haɗa maganin da magungunan sitiroyid, wato firednisolon ko deksametason, waɗanda ke ƙara wasu sinadaran daskarewa, ga kuma ita kanta sankarar. Binciken da ya tattara sakamakon yara masu yawa ya nuna cewa kimanin 5 cikin 100 na yaran da ake yi wa maganin wannan cuta sukan sami toshewar jijiya, kuma wuri mafi haɗari shi ne manyan jijiyoyin da ke kwaso jini daga ƙwaƙwalwa. A garinmu, inda ciwon kai mai tsanani da jijjiga a jikin yaro ke sa kowa ya fara tunanin zazzaɓin cizon sauro ko sanƙarau, wannan ilimi yana iya zama bambanci tsakanin rayuwa da mutuwa. Ba laifi ba ne a gwada zazzaɓin, wajibi ne ma, amma yaron da ke cikin makonnin asfarajines ya cancanci a tuna da jijiyoyin kansa tun a sa'ar farko.

Akwai wata safiya da aka kawo jinin wata yarinya da ke tsakiyar zangon farko na magani, zangon nan na kusan wata guda da ake haɗa wani maganin sankara mai suna binkiristin da sitiroyid da asfarajines. Da na fitar da kwalbar daga injin juyawa, ruwan da ya taso sama, wanda ya kamata ya zama garai-garai mai ɗan rawaya, sai na gan shi fari fat, ba a ko hango yatsa ta bayansa. Kitse ne ya cika jinin. Irin wannan samfur yakan ruɗi injin awo, ya ba da sodiyam ƙasa da yadda yake a zahiri, ya kuma ɓata wasu gwaje-gwajen da ke dogara da haske. Na ɗauki kwalbar da hannuna na kai wa babbar likitar sashen, na ce mata, "Ranki ya daɗe, ga jinin yarinyar gado na kusa da taga, ina ganin a duba shi da ido kafin a yi aiki da lambobin." Ta ɗaga shi sama ta duba, ta tambayi ko yarinyar na kukan ciwon ciki, sannan ta sa a gwada amiles, wato enzayim ɗin da kan hau idan fankiriyas ta kumbura, da suga nan take. Tambayar tata tana da tushe, domin fankiriyas, gaɓar da ke fitar da insulin da ruwan narkar da abinci, ita ma babbar maƙerar furotin ce, kuma kumburinta na daga cikin illolin asfarajines da aka fi tsoro, haka nan raguwar insulin tare da sitiroyid takan sa suga ya hau. Yarinyar ba ta da kumburin, kitsen kuma ya sauka bayan an rage mata mai a abinci an ci gaba da lura.

Taruwar kitse a cikin hanta ita ce mahaɗar da ta sa na daina kallon wannan magani a matsayin abin da ya zo daga nesa. Hanta ba ta iya fitar da kitse tsirara, sai ta naɗe shi a cikin furotin, kuma idan furotin ɗin naɗin ya yi ƙaranci sai kitsen ya maƙale a cikinta, ta kumbura. Wannan shi ne ainihin abin da ke faruwa ga yaro mai tamowa irin mai kumburi, wadda wata likita mai suna Cicely Williams ta bayyana a ƙasar da yau ake kira Gana a shekarun 1930: albumin ƙasa, ƙafafu a kumbure, hanta cike da kitse. Duk wanda ya yi aiki a sashen yara a Arewa ya san wannan siffa, musamman a watannin damina kafin sabon hatsi ya shigo. Asfarajines yana haifar da wani abu mai kama da ita ta hanyar ƙafar da asfarajin daga jini. To, tambayar da ke damuna ita ce ta yaron da ya zo da cutar sankara bayan ya shafe watanni ana yawo da shi daga kemis zuwa wajen mai magani, ya rame, albumin ɗinsa ya riga ya sauka kafin a huda shi da allurar farko. An tsara ma'aunin maganin ne bisa gwaje-gwajen da aka yi galibi a Turai da Amurka, a kan yaran da ke zuwa da hanta mai ajiya. Ra'ayina shi ne auna albumin da nauyi da kaurin dantse kafin a fara, da ciyar da yaron sosai a lokacin magani, wani ɓangare ne na maganin sankarar kansa, ba aikin da za a bar wa masu kula da abinci su yi idan an sami sarari ba. Abinci mai gina jiki ba ya karya aikin asfarajines, domin duk asfarajin ɗin da ya shiga jini enzayim ɗin zai farfasa shi, amma sauran amino asid ɗin suna taimaka wa hanta ta ci gaba da tsayuwa.

Ba tamowa ce kaɗai ke jiran hantar yaranmu ba. Binciken ƙasa da aka yi a Najeriya a 2018 ya nuna cewa kusan 8 cikin 100 na manya suna ɗauke da ƙwayar cutar hanta nau'in B, kuma duk da an shigar da rigakafinta cikin alluran jarirai tun 2004, ba kowane yaro ne ya samu ba. Sitiroyid da sauran magungunan sankara suna iya tayar da wannan ƙwaya daga barci, don haka gwada ta kafin fara magani ba abin sakaci ba ne. Akwai kuma gubar afulatoksin da ke fitowa daga fumfunar gyaɗa da masarar da aka adana da danshi, wadda ita ma hanta take nufa, kuma daga cikin ɓarnarta akwai dakushe ƙerar furotin. Sannan akwai abin da ke faruwa idan idon yaro ya yi rawaya. Wani dattijo da ya kawo jikansa daga wani ƙauye ya taɓa tare ni a bakin tagar karɓar sakamako ya ce, "Malam, shawara ce ta kama shi, na sa a aiko mini da jiƙo daga gida, ko akwai laifi in ba shi?" Na ce masa, "Baba, Allah ya ƙara maka lafiya, gaskiyarka ce idonsa ya canza, amma wannan daga allurar da ake yi masa ne, hantarsa ta gaji, kuma duk abin da ya sha ita ce za ta tace shi. Ka yi haƙuri ka riƙe jiƙon, mu je tare ka faɗa wa likita." Ya yarda ba tare da gardama ba. Mutanenmu ba ƙin bayani suke yi ba, sau da yawa ba a yi musu shi ne da harshen da suke ji, kuma mutumin da ya sayar da akuyarsa don jikansa ya cancanci a zauna a gaya masa abin da ke faruwa a cikin yaron.

Raguwar furotin tana shafar sauran magungunan da ake haɗawa, kuma wannan ya koya mini cewa jerin ranakun da ke kan takardar magani ba a banza aka tsara su ba. Metotireset, ɗaya daga cikin waɗannan magunguna, yana kashe ƙwayar da ke shirin rabuwa ne, don haka idan aka riga shi da asfarajines, ƙwayoyin sankarar sun tsaya cik, sai ya zo bai tarar da abin kamawa ba. Idan kuwa aka ba da shi da farko, asfarajines ya biyo baya, sai aikin ya yi kyau har ma illarsa ta ragu, kuma a kan wannan fahimta wani likita mai suna Robert Capizzi ya gina tsarin da ake kira da sunansa. Binkiristin hanta ce ke fitar da shi, saboda haka idan ta yi rauni yakan daɗe a jiki ya taɓa jijiyoyin ƙafa da na hanji. An kuma lura cewa yaran da albumin ɗinsu ya sauka sukan riƙe deksametason a jini fiye da sauran. A wurin da iyaye ke sayo magani da kuɗin aljihunsu, yau a sami wannan gobe a rasa wancan, sauƙi ne a ce a ba da wanda ya samu a jira ɗayan, amma musanya ranaku na iya rage amfanin duka biyun.

Shi kansa asfarajines furotin ne, kuma wannan yana da sakamako biyu da suka shafe mu kai tsaye. Na farko, zafi yana lalata shi. Ana ajiye shi ne tsakanin digiri 2 zuwa 8, mu kuwa a watan Afrilu zafin Kano yakan haura digiri 40, ga ɗaukewar wuta, ga nisan da kwalba ke yi a cikin kula da ƙanƙara a bayan adaidaita sahu kafin ta iso hannun nas. Kwalbar da zafi ya taɓa ba lallai ta canza kama ba. A 2023 wani binciken 'yan jarida daga Birtaniya ya bankaɗo cewa an yi shekaru ana tura wasu samfuran asfarajines marasa inganci zuwa ƙasashe da dama, galibi masu ƙaramin ƙarfi. Na biyu, tun da daga bakteriya aka samo shi, garkuwar jiki na iya ɗaukarsa baƙo. Wani lokaci abin yakan fito fili da ƙaiƙayi da kumburin fuska da sarƙewar numfashi, wani lokaci kuma garkuwar takan kashe maganin a ɓoye ba tare da wata alama ba, yaro yana karɓar allura amma asfarajin ɗinsa bai ragu ba.

Hanyar da ta dace a tabbatar maganin na aiki ita ce auna ƙarfin enzayim ɗin a cikin jini, inda ake son ya kai aƙalla 0.1 na ma'aunin ƙasa da ƙasa a kowace mililita. Auna asfarajin ɗin kansa yana da wuya, domin enzayim ɗin yakan ci gaba da cinye shi a cikin kwalbar gwaji bayan an ɗebi jinin, sai an sanyaya an kashe shi cikin gaggawa. A inda ba a yin wannan awo, hanta tana iya ba da labari a kaikaice. Yaron da ya karɓi allurai da dama, amma fibrinojin ɗinsa da antitrombin da albumin ba su ko motsa ba, ya kamata ya sa a yi tambaya game da kwalbar da kuma garkuwar jikinsa, maimakon a yi murna cewa maganin bai dame shi ba. Wannan alama ce kawai, ba hujja ba, kuma ba ta maye gurbin awon gaskiya, amma tana cikin abin da ƙaramin ɗakin gwaji zai iya bayarwa. Ina ganin samar da awon ƙarfin enzayim a cibiya ko da guda ɗaya da za ta riƙa karɓar samfura daga Kano da Jigawa da Katsina abu ne mai yiwuwa, kuma ba ya buƙatar injin da ya fi ƙarfin asibitin koyarwa.

Ita ma ƙwayar sankarar ba ta zaune haka nan. Tana da GCN2 da ATF4 kamar hanta, kuma waɗanda suka iya ɗaga enzayim ɗin haɗa asfarajin daga cikinsu su ne ke tsira su zama tushen dawowar cutar. An kuma nuna cewa wasu ƙwayoyin da ke zaune a cikin ɓargo, har da na kitse, suna iya ciyar da ƙwayoyin sankarar da ke maƙwabtaka da su da asfarajin ko gulutamin. Shi ya sa ba a dogara da asfarajines shi kaɗai, kuma shi ya sa maganin gaba ɗaya ke ɗaukar shekara biyu zuwa uku. A ƙasashe masu arziki kusan 90 cikin 100 na yaran da ke da wannan cuta suna warkewa, alhali Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a ƙasashe da yawa masu ƙaramin ƙarfi ƙasa da 30 cikin 100 na yara masu ciwon daji ne ke rayuwa, kuma shirin da ta ƙaddamar a 2018 yana neman kai adadin zuwa 60 cikin 100 nan da 2030.

Hukunci mafi nauyi da ke biyo bayan takardar da nake sa wa hannu shi ne ko a ci gaba da maganin ko a dakatar. Bincike ya nuna cewa yaran da aka yanke wa asfarajines kafin su cika adadin da aka tsara sun fi fuskantar dawowar cutar, don haka dakatarwa ba ta zama mafaka ba. Illar da yake yi wa hanta galibi mai warwarewa ce: akan jinkirta allura har bilirubin, sinadarin da ke sa ido rawaya, ya sauko, sannan a ci gaba, kodayake manya da masu ƙiba sun fi shan wahalarta fiye da ƙananan yara. Bayan toshewar jijiya ma akan iya komawa gare shi tare da maganin tsinka jini. Kumburin fankiriyas mai tsanani ne yawanci ke sa a ajiye shi gaba ɗaya. Domin likita ya iya bambance waɗannan, yana buƙatar sakamako daga wurinmu a ranar da aka ɗebi jinin, ɗauke da bayanin yanayin samfurin da kuma lambobin makon da ya gabata a gefensa don ya ga inda suka dosa.